Ido Ba Mudu Ba Ne: Abin da Gwaje-gwajen Asibiti Suka Bankaɗo Kan Haihuwa da Sankarar Mata

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ɗakin haihuwa dai rabin farko na maganar ne kawai ya tabbata. Jinin da mace take zubarwa bayan ta sauka ba ya taruwa wuri guda balle a ƙiyasta shi. Wani ya jiƙe zani, wani ya shige auduga, wani ya gangara ƙarƙashin gado ya gauraya da ruwan faya, wani kuma ya daskare a cikin mahaifa bai fito ba tukuna. Ungozomar da ke tsaye, wadda wataƙila mata uku ke naƙuda a hannunta a daren, sai ta duba ta ce da sauƙi. Ita ma mai jegon tana magana, har tana tambayar mace ce ko namiji. Jikin mace mai ƙuruciya ya iya ɓoye asarar jini: bugun zuciya ya ɗan ƙaru, awon jini ya tsaya daidai, can sai komai ya rushe lokaci guda. Kafin a ankara an shiga neman jini leda biyu da tsakar dare, ana ta buga wa dangi waya.

A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, mata kusan 260,000 ne suka rasu a dalilin ciki ko haihuwa a shekarar 2023, kuma kusan 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Wato a cikin kowace mace huɗu da haihuwa ta kashe a duniya, aƙalla ɗaya tamu ce. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba a cikin dalilan. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, magungunan da ke tsayar da wannan jini ba sababbi ba ne, kuma ba masu tsada ba ne. Galibinsu sun girmi likitocin da ke rubuta su. To ina gizo yake saƙar?

Wannan tambaya ce gwajin da ake kira E-MOTIVE ya tunkara. An gudanar da shi a asibitoci 80 a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, kusan rabinsu a Najeriya, ya kuma haɗa da mata 210,132 da suka haihu da kansu ba ta hanyar tiyata ba. Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka tsara shi, ɓangaren Najeriya kuwa Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranta. Kayan aikin bai taka kara ya karya ba: wata leda ce mai kama da mazurari, ana shimfiɗa ta ƙarƙashin mace da zarar jariri ya fito, jinin ya riƙa taruwa a aljihunta, a jikinta kuma akwai layukan awo. Idan jini ya kai layin mililita 500, kimanin ledar fiya wata guda ke nan, ba sauran jira. Haka ma idan ya kai 300 kuma aka ga wata alama a jikin matar, kamar saurin bugun zuciya ko faɗuwar awon jini.

Abu na biyu shi ne yadda ake ba da maganin. A da, ana bi ne ɗaya bayan ɗaya: a murza ciki a jira, a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke a jira, in bai tsaya ba a aika neman wani maganin a kemis ko a sito, wanda wataƙila mai makullinsa ya tafi gida. A sabon tsarin sai aka ce a yi duka a tare cikin 'yan mintuna: murza mahaifa, maganin da ke sa ta tsuke, allurar tiraneksamik mai tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba ko an samu yagewa ko ragowar mabiyiya, da kiran babban likita in abin ya faskara. Aka tanadi akwati ko ɗan teburin turawa da komai ke ciki a gefen gadon haihuwa, aka kuma bai wa ungozoma ikon fara aiki ba sai ta jira sa hannun likita ba. A ganina wannan ikon da aka ba ungozoma bai gaza ledar muhimmanci ba, domin a yawancin asibitocinmu da dare ita ce kaɗai a wurin.

Da sakamakon ya fito a watan Mayun 2023, a asibitocin da suka ci gaba da yadda aka saba, kashi 51 cikin 100 ne kawai na matan da suka zubar da jini fiye da ƙima aka gane halin da suke ciki. Kusan rabi sun wuce ba a lura ba, a hannun ma'aikatan da suka ƙware. A asibitocin da ke da ledar awo kuwa an gano kashi 93. Matan da jininsu ya kai lita guda, ko aka buɗe musu ciki saboda jini, ko suka rasu a dalilinsa, sun kai kashi 4.3 a rukunin farko, a rukuni na biyu kuma kashi 1.6. Ragin kashi 60 ke nan cikin 100. A ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da tsarin cikin shawarwarinta.

Mai karatu zai iya tambaya: ta yaya aka san yawan jinin da aka zubar a asibitocin da ba su da ledar awo? Su ma an ba su leda, amma marar layi, ana ɗaure ta a kai ta sikeli bayan an gama, ma'aikatan ɗakin ba su ga lambar ba. Sannan ba wani mutum ne ya zaɓi asibitin da zai samu sabon tsari ba, kwamfuta ce ta raba su ta hanyar ƙuri'a. Ƙuri'ar nan ita ce ƙashin bayan kowane gwaji mai inganci. Da an bar wa masu bincike zaɓi, ko da zuciya ɗaya, za su karkata ga asibitocin da ke da shugabanni masu himma da ma'aikata isassu, sai a ga sakamako mai kyau a ɗauka ledar ce, alhali asibitin ne dama can mai kyau. An raba asibitoci ne ba mata ɗaiɗaiku ba, don ungozomar da ta koyi sabuwar hanya ba za ta yi wa matar gado na ɗaya ta hana ta gado na biyu ba. Sai dai a faɗi gaskiya: mafi yawan wancan ragin na kashi 60 daga raguwar zubar jini mai tsanani ya fito. Mace-macen da aka samu a cikin gwajin ba su da yawan da za a yanke hukunci a kansu su kaɗai, ko da yake duk wanda ya san ɗakin haihuwa ya san inda lita guda take kai mace marar jini.

Ita allurar tiraneksamik tana da nata tarihin mai ban takaici. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta Shosuke ne suka samar da maganin a farkon shekarun 1960, kuma mata masu haihuwa ne a ranta. Aikinsa shi ne hana gudan jinin da ya daskare a bakin rauni narkewa da wuri. Ba ta samu likitocin haihuwa da za su gwada mata shi yadda ya kamata ba. Maganin ya tafi wajen masu cire haƙori da masu yawan jinin al'ada, ya shafe kusan shekara hamsin a can. Sai a 2010 aka fara babban gwajin WOMAN, wanda ya haɗa mata 20,060 a asibitoci 193 na ƙasashe 21, Najeriya na cikin waɗanda suka fi ba da mata. A 2017 aka bayyana cewa maganin ya rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi 19 cikin 100, idan kuwa aka yi shi cikin awa uku da haihuwa ragin ya kai kashi 31. Bayan awa uku ba a ga amfaninsa ba. Okamoto ta rasu a 2016, shekara guda kafin sakamakon.

Daga nan sai tunani ya tafi inda kowa zai zata: tunda yana tsayar da jini, me zai hana a yi wa mata masu ƙarancin jini shi tun kafin jinin ya ɓalle? Magana ce mai shiga hankali, kuma da an tambayi likitoci goma, da yawansu za su ce a yi. Gwajin WOMAN-2 ya duba haka a kan mata 15,068 masu matsakaici ko matsanancin ƙarancin jini a Najeriya da Pakistan da Tanzaniya da Zambiya. A 2024 amsa ta fito: bai hana ba. Kashi 7 na waɗanda aka yi wa maganin sun zubar da jini, na waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kuma kashi 6.6. Irin wannan sakamako ba ya samun kanun labarai, amma ya tare ɓarnar kuɗi da lokaci, ya kuma mayar da hankali inda ya dace, wato a gyara jinin mace tun tana da ciki. Nan ma ba a samu hanya mai sauƙi ba. Gwajin IVON da aka yi a Kano da Legas kan mata 1,056 ya kwatanta sinadarin ƙarfe da ake sawa ta jijiya sau ɗaya da ƙwayoyin ƙarin jini na yau da kullum. Na jijiyar ya fi cike giɓin sinadarin a jiki, amma a mako na 36 yawan masu ƙarancin jini a rukunan biyu bai bambanta sosai ba. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sikila da rashin abinci mai gina jiki suka haɗu wa mace, ba ƙarfe kaɗai ke ƙwace mata jini ba.

Akwai kuma matsalar da ba ta cikin jikin mace. Oksitosin yana son sanyin firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan samfuran da aka tattaro daga sassan Najeriya ya gano kusan uku cikin huɗu ba su cika ƙa'idar inganci ba. Ungozoma ta yi allura, ta rubuta a kati ta yi, mahaifa kuma ta ƙi tsukewa. Shi ya sa ma'aikata da yawa suka saba fasa kwalba biyu ko uku a inda littafi ya ce ɗaya. Gwajin CHAMPION na 2018, kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma ciki har da Najeriya, ya nuna wani magani mai jure zafi, kabetosin, yana yin aikin rigakafin da oksitosin ke yi ba tare da firij ba. Ga asibitin karkara a Yobe ko Damagaram a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune, ta fi zubar jini rikitar da mutane, domin kamanninta na kama da abin da aka saba dangantawa da iska. Yarinya mai cikin fari, ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, ciwon kai ya ƙi jin magani, ido na ganin walƙiya, can sai ta sandare ta hau taune harshe. Sau da yawa sai an gama hayaƙi da tofi kafin a nemi mota. Asalin ciwon daga mabiyiya yake: jijiyoyinta ba su kafu sosai a bangon mahaifa ba tun farkon ciki, sai ta riƙa sakin sinadarai da ke lalata hanyoyin jinin uwa, hawan jini ya biyo baya, ƙoda ta fara zubar da furotin a fitsari.

Likitocin Amurka sun fara amfani da magnesiyam salfet a kan wannan ciwo tun shekarun 1920. Na Ingila da ƙasashen da suka yi karatu a hannunsu, har da mu, suka tsaya kan diyazifam, wani maganin sa barci, da makamantansa. Kowane ɓangare na cewa idonsa ya gani. Kusan shekara saba'in ana wannan jayayya ba wanda ya zauna ya gwada su kafaɗa da kafaɗa a kan mata masu yawa. Da aka yi a 1995, kan mata kusan 1,700, sai ga shi magnesiyam ya rage dawowar jijjiga da kusan rabi idan aka kwatanta da diyazifam. A 2002 gwajin Magpie, mai mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna cewa idan aka yi wa mai alamun ciwon tun kafin ta fara jijjiga, haɗarin ya ragu da fiye da rabi. Duk da haka sai a 2008 aka shigar da maganin gadan-gadan a asibitocin gwamnatin jihar Kano guda goma, tare da horar da ma'aikata. Rahoton aikin ya nuna mutuwar masu jijjiga ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Ku lissafa shekarun da ke tsakanin 1995 da 2008, ku kuma tuna yawan matan da ake kawowa Asibitin Murtala a sume.

Na rigakafi ma an samu. Gwajin ASPRE na 2017 a Turai da Isra'ila ya nuna asfirin ɗan kaɗan a kullum yana rage nau'in ciwon da ke zuwa kafin ciki ya cika da kashi 62, a tsakanin matan da gwaji ya nuna suna cikin haɗari. Amma sharaɗinsa a fara kafin mako na 16, bayan hoto da gwajin jini a wata na uku. Matanmu da yawa ba sa fara awo sai ciki ya fito fili, wata biyar ko shida. Ga ilimin a hannu, ga ƙofar ta riga ta rufe. Kuma ba magani ba ne da mace za ta saya a kemis ta ɗora wa kanta.

Me ya sa binciken magungunan masu ciki yake tafiyar hawainiya haka? Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da talidomaid a ƙasashe da dama a matsayin maganin barci da laulayi, aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, da yawansu ba hannu ba ƙafa. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire duk macen da za ta iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magani, ba ta janye ba sai 1993. Kamfanoni suka samu mafaka: a manna wa kwalba gargaɗin cewa ba a gwada kan masu ciki ba, a wanke hannu. Amma mai ciki tana yin zazzaɓi, tana yin farfaɗiya, tana yin ciwon suga, dole ta sha magani. Abin da aka yi kawai shi ne an ɗauke gwajin daga inda ake sa ido ana rubutawa, an mayar da shi inda ba mai lissafi.

Labarin DES ya fi nuna haka, kuma a nan ne ciki da sankara suka haɗu. Wani sinadari ne mai aiki irin na sinadarin halittar mace, wanda aka riƙa ba miliyoyin mata tun shekarun 1940 da sunan hana ɓari. A 1953 wani likita a Chicago, William Dieckmann, ya gwada shi yadda ya kamata kan mata kusan 1,600, ya gano ba ya hana komai. Aka yi biris da shi, aka ci gaba da rubuta maganin. Sai a 1971 likitoci a Boston suka ba da rahoton 'yan mata takwas, masu shekara 15 zuwa 22, da wata irin sankarar farji da kusan ba a taɓa gani ba sai a tsofaffi. Da aka bi diddigi, bakwai daga cikin iyayensu mata sun sha DES lokacin da suke ɗauke da cikinsu. An yi gwajin, an samu amsar, shekara 18 kafin nan.

A cikin sankarorin mata, ta bakin mahaifa ce aka fi yi wa sanin ciki da bai. A 1983 da 1984 ɗakin binciken Harald zur Hausen a Jamus ya gano nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar cutar HPV a cikin ƙarin, a lokacin da galibin masana ke zargin wata ƙwayar daban. Ya samu kyautar Nobel a 2008. Waɗannan nau'i biyu ne ke haddasa kusan kashi 70 na ciwon. Ana ɗaukar ƙwayar ta saduwa, kuma ta yaɗu ƙwarai, har mace da ba ta san kowa ba sai mijinta na iya kamuwa. Wannan yana da kyau a faɗe shi ƙarara, don kunya da tsoron zargi na cikin abin da ke zaunar da mata a gida. A jikin mafi yawan mutane ƙwayar na ɓacewa da kanta. A wasu ta zauna, ta ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana sauya fatar bakin mahaifa a hankali ba ciwo ba alama. Masu ɗauke da cutar HIV haɗarinsu ya ninka kusan sau shida. A Najeriya ƙiyasin 2020 ya nuna mata kusan 12,000 ne ke kamuwa a shekara, kusan 8,000 kuma na rasuwa. Kusancin waɗannan lambobi biyu shi ke gaya maka matakin da ake zuwa asibiti: sai jini ya ƙi ɗaukewa, ko ya dawo bayan mace ta manyanta ta daina al'ada, ko ruwa mai wari ya hana ta shiga mutane, an kuma gama zagayen maganin sanyi da na basir.

Allurar rigakafin ta fito a 2006, ana yin ta sau uku. Wannan ya sa ta gagari ƙasashe matalauta, ba don kuɗi kaɗai ba, har da wahalar sake nemo yarinya sau biyu. Abin da ya sauya lissafin ya fara ne da tsautsayi. A Indiya gwamnati ta dakatar da gwaje-gwajen allurar a 2010, sai dubban 'yan mata suka tsaya a kan allura ɗaya. Masu binciken ba su watsar da su ba, suka bi su shekara goma, suka tarar kariyarsu ba ta gaza ta masu allura biyu ko uku ba. Tunda ba ƙuri'a ce ta raba su ba, hujjar ba ta cika ba. Sai gwajin KEN SHE a Kenya ya cike ta: 'yan mata 2,275 masu shekara 15 zuwa 20, wasu aka yi musu allurar HPV sau ɗaya, wasu ta sanƙarau, aka ga kariyar kashi 97.5 daga zaunannen kamuwa da nau'i na 16 da 18. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allura ɗaya, ranar 24 ga Oktoban 2023 kuma Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta. Ga masu cewa ai ba a ga ta hana sankarar kanta ba: a Suwidin an bi mata sama da miliyan ɗaya da rabi, aka ga waɗanda aka yi wa kafin shekara 17 haɗarin sankararsu ya ragu da kashi 88.

Allura ta 'ya'ya ce. Iyayensu mata gwaji suke bukata. A gundumar Osmanabad ta Indiya an raba ƙauyuka masu mata sama da 130,000, aka ga cewa gwajin HPV sau ɗaya tak a rayuwar mace ya rage mutuwa da kusan rabi cikin shekara takwas. An soki wannan gwaji da irinsa, kuma sukar tana da nauyi: an bar wani rukuni na mata ba tare da an bi su da gwaji ba, alhali an daɗe da sanin gwajin bakin mahaifa na ceton rai a Turai. Masu binciken suka ce ai haka duk matan yankin suke zaune dama, kuma gwamnati ba za ta saki kuɗi ba sai ta ga hujja daga ƙasarta. Ni dai ban ga wannan amsa ta wanke su tas ba, ko da yake sakamakon ne ya sa yau ake maganar mace ta ɗauki samfurin da kanta a bayan labule, ba sai namiji ya duba ta ba.

A ɓangaren magani, gwaji ya sha kunyata abin da ake yayi. Tiyatar da ake yi ta 'yan ƙananan huji da kyamara ta mamaye manyan asibitocin duniya wajen cire mahaifa saboda sankarar bakinta, don ciwon ya fi saurin warkewa. A 2018 gwajin LACC ya nuna bayan shekara huɗu da rabi kashi 86 na waɗanda aka yi wa ta huji ne ciwon bai dawo musu ba, na waɗanda aka tsaga kuwa kashi 96.5. Asibitoci suka koma wuƙa. A Birtaniya an bi mata sama da 200,000 na kusan shekara 16 don a ga ko gwajin jini da hoto duk shekara zai rage mutuwar sankarar ƙwan mace. Bai rage ba. Duk wanda ya tallata maka irin wannan gwaji da alƙawarin tsira, ya wuce inda hujja ta tsaya.

Ba za a yi maganar gwajin magani a ƙasar Hausa a tsallake 1996 ba. A lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara 200 a Asibitin Zana da ke Kano, rabi aka ba su sabon maganin rabi wani daban, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, a 2009 kuma ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabo ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003, kuma shi ne ke bayan raɗe-raɗin da ake yi wa allurar HPV cewa ta hana haihuwa ce, duk da cewa an yi wa miliyoyin mata ita tun 2006 ba a ga haka ba. Wanda ya ce zargin mutane jahilci ne tsagwaronsa bai yi musu adalci ba. Abin da ya sauya shi ne, tun 2007 Najeriya na da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, akwai kwamitocin da sai sun amince kafin a fara, akwai kuma masu sa ido na waje da ke da ikon tsayar da gwaji a tsakiya.

Amma takardar amincewa ba ta warware komai. Mace na zubar da jini, hankalinta ya fara gushewa, wa za a karanta wa shafi uku? A gwajin WOMAN an yarda a nemi izinin dangi ko wakili, in babu a fara magani a yi mata bayani in ta farfaɗo. Ko a zaman lafiya, sau nawa ma'aikaciya ke gama bayani a layin awo, matar ta sunkuyar da kai ta ce, "To sista, sai na tambayi maigida." Ƙa'ida ta ce yardarta ita ce abin nema. Zaman gida kuma ya ce in ta sa hannu ba da saninsa ba, ita za ta kwana a ciki. Masu binciken da suka san ƙasar kan ba ta takardar da Hausa ta tafi da ita, su bar ƙofa a buɗe ga mijin ya zo ya yi tambaya, su kuma tabbatar ta san cewa in ta ƙi ba abin da zai ragu a kulawar da za a ba ta.

Iyakar duk waɗannan gwaje-gwaje ita ce ƙofar asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Ledar awo ba ta isa ɗakin da ake ɗaukar zubar jini a matsayin fitar dattin biƙi ba, tiraneksamik kuma ta jijiya aka tabbatar da shi, abin da ke bukatar hannun da ya ƙware. Shi ya sa aka ƙaddamar da gwajin I'M WOMAN don a ga ko allurar tsoka za ta wadatar, irin wadda ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya yi. A ɓangaren sankarar bakin mahaifa, gwajin INTERLACE ya nuna a 2024 cewa mako shida na wasu tsofaffin magunguna biyu masu araha kafin a fara gashi, wato ƙona ƙarin da na'ura, ya ɗaga yawan masu kai shekara biyar a raye daga kashi 72 zuwa 80. Sharaɗin shi ne a shiga gashin cikin 'yan kwanaki da gama maganin. Macen da ta taso daga Gumel ko Gashuwa zuwa Zariya ko Sakkwato, ta tarar da layin makonni ko na'ura ta tsaya, wancan kashi 80 ba da ita aka lissafa ba, kuma tazarar da aka bar mata tsakanin magani da gashi ba ita aka gwada ba.